Kwamfutar ofis ta hana ni sanya Keyman, ya zan yi?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ina aikin fassara a wata ƙungiya, kuma sun ba ni sabuwar laptop mai Windows 11. Na sauke manhajar Keyman don in riƙa rubuta ƙ, ɗ da ɓ, amma ina fara sanyawa sai ta tsaya, ta ce dokar na'urar ta hana, ta nuna lamba 1625. Na gwada a matsayin admin, sai ta nemi kalmar sirri da ba ni da ita. Yanzu harafi ɗai-ɗai nake kwafowa daga tsohuwar takarda, ga rahoto ana jira ranar Alhamis.

Ɗan Gwale: Hajiya ki kai wa masu gyara a kasuwa su yi mata format, cikin awa biyu an gama.

Injiniya Bala: Haba Ɗan Gwale, kayanta ne? Hajiya kar ki soma. Kwamfutarki lafiya lau take, ba virus ba ne. Wannan 1625 Windows ce ke gaya miki masu kula da na'urorin ofishinku sun kulle sanya manhaja da gangan, galibi ta Group Policy ko Intune, wato hanyoyin da ofisoshi ke kafa wa kwamfutocinsu dokoki. Ko an samu mai wayo ya taɓa saitin, da ta haɗu da sabar ofis dokar za ta dawo, kuma za su iya ganin an yi taɓe-taɓe. Format kuwa zai share fayilolinki, sannan sai ki nemo abin faɗa wa oga. Na ga wanda irin wannan ta jawo masa takardar gargaɗi.

Ki duba ko akwai Company Portal ko Software Center a ciki, nan ake ajiye manhajojin da aka yarda ma'aikaci ya sanya da kansa. In babu Keyman, ki rubuta wa sashen IT: sunan manhajar, cewa ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ce ta yi ta kuma kyauta ce, dalilin buƙatarki, da hoton saƙon. Ki sa shugabarki a kwafi, ya fi saurin motsa su.

Anti Ladi: Ƙanwata, kafin su amsa ma, ba lallai sai Keyman ba. Windows na da allon rubutun Hausa nata. Shiga saitin harshe ki ƙara Hausa, sai ki riƙa sauyawa da maɓallin Windows da Space. Ni a ofishinmu bai nemi admin ba, amma wasu wuraren har wannan suna kullewa. In an kulle, a Word rubuta 0199 ki danna Alt da X tare, ƙ za ta fito. Ta ɗ 0257, ta ɓ 0253. Da wahala da farko, amma hannu na sabawa.

Ɗan Gwale: To ni dai na janye, a yi haƙuri.

Maman Sadiq: Anti Ladi Allah ya saka da alheri, allon Hausan ya shiga, har na yi shafi uku. Injiniya na tura musu saƙon, sun ce Litinin za su duba. Saura tambaya ɗaya: babbar Ƙ fa, mece ce lambarta?

Anti Ladi: 0198.