Ƙofar raga ta katako: yaya ake haɗa ta kada ta sunkuya?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ana son haɗa ƙofar raga saboda sauro a bakin falo, faɗi ƙafa 3, tsayi ƙafa 7, ƙofar ciki kuma ta ƙarfe ce mai buɗewa ciki. Wane katako ya dace, kuma me ke sa irin ƙofofin nan fara jan ƙasa bayan wata biyu-uku?

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu ke kawo jan ƙasa: ɗanyen katako da haɗin ƙusa zalla. Nemi busasshen maɗaci ko iroko. Obeche ba nauyi, amma ba ya riƙe sukuru, gara kuma na son sa. Ɗanye kuwa, hunturu na shigowa zai murɗe.

Auna ramin ƙofar a sama, tsakiya da ƙasa, ka yi aiki da awon da ya fi ƙanƙanta, don da wuya magini ya bar maka shi daidai. Rage milimita 3 a kowane gefe da sama, kamar 8 a ƙasa. Tsayayyu biyu su zama faɗin inci 3, na sama da na tsakiya haka, na ƙasa inci 6. A kusurwa kada ka jingina katako da katako ka buga ƙusa. Zaftare rabin kaurin kowanne su hau juna, shafa gam, ɗaure da sukuru biyu. Kafin gam ya bushe, ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, ta ɓangarorin biyu. Awon ya zo ɗaya, ƙofa ta miƙe.

Sannan tokara, wato katakon da ake sawa a karkace, a rabin ƙofar na ƙasa: ta tashi daga ƙasa wajen hinji, ta haura zuwa katakon tsakiya wajen sakata. In aka juya ta, nauyin jan ta zai yi, haɗin ya buɗe.

Amsa ta 2

Oga ya gama maganar firam. Saura raga. A fara shafa maganin gara, a yi fenti ko banish, har bakin sama da na ƙasa da kafintoci ke tsallakewa; ta nan katako ke shan ruwan damina ya kumbura. Sai ya bushe a sa raga.

Don ta ɗame: kwantar da ƙofar, sa ɗan katako mai kaurin inci 1 ƙarƙashin kanta da gindinta, danne tsakiya ta ɗan lanƙwasa. Kafe ragar sama da ƙasa, ka saki, za ta ja kanta. Sai gefuna, ƙusa duk bayan inci 2, a rufe da siririn katako. Ragar roba ba ta tsatsa amma yaro da yatsa zai huda ta. Gidan da ke da yara ko kaji, a rufe ƙafa 2 na ƙasa da falanki.

Amsa ta 3

Falankin nan ina da ja a kansa, ɗan'uwa. Yana tare iska, ga ƙarin nauyi. Gara a ɗora waya mai kauri a bayan ragar.

Wajen ratayewa, hinji uku na inci 3: ɗaya inci 6 daga sama, ɗaya inci 9 daga ƙasa, ɗaya tsakiya. A ɗora ƙofar kan ɗan abu mai kaurin ratar ƙasa, a sa sukuru ɗaya-ɗaya tukuna, a gwada buɗewa da rufewa, sannan a cike sauran. A huda kafin sa sukuru, maɗaci na tsagewa. Tunda firam ɗin ciki ƙarfe ne, a kafa wa ƙofar ragar nata na katako mai inci 2 da 3 a bango.

Ta riƙa buɗewa waje, don sauron da ya sauka a kanta kada a tura shi ɗaki. A sa sifirin mai mayar da ita, amma kada a ɗame shi sosai, bugun kullum ke kwance haɗi.