Sun riƙe ni kamar ɗan cikinsu kuma sun ƙi karɓar ko sisi, yaya zan gode musu?

Baƙon_Jiya:
Salama 'yan'uwa. Shawara nake nema. Aiki ya kai ni garin da ban san kowa ba, ranar Lahadi bayan sujada aka ce baƙi su tashi na tashi, daga nan wani dattijon ikilisiya ya tambaye ni ina na sauka na ce masa ina dai nema, shi ke nan fa ya ce in je in ɗauko jakata. Ɗakin ɗansu suka ba ni, yaron ya koma falo da katifarsa, duk daren da na yi latti sai in tarar Mama ta rufe mini abinci ta bar fitilar waje a kunne. Har na samu ɗaki na tashi ban taɓa ganin an ɗaure mini fuska ba. Da zan tafi na sa kuɗi a ambulan na ba Baba, ko buɗewa bai yi ba ya tura mini a aljihun riga ya ce kar in sake. Abin na damuna gaskiya. In tashi in ba da shaida a coci in ambaci sunansu ne, ko in sayi wani abu in aika musu?

MamanYara:
Ɗana ka bar maganar ambulan ɗin nan, ni ma na sha saukar da baƙi kuma ranar da baƙo ya miƙo kuɗi sai ka ji kamar ya mai da gidanka otel. A Luka 14 ai Yesu cewa ya yi in za ka kira biki ka kira waɗanda ba su da halin rama maka, to ka ga in ka biya ka ɓata musu lissafi ke nan. Abin da ke yi mana ciwo mu masu sauke baƙi shi ne mutum ya tafi ya yi ɗif, ko waya babu, sai bayan shekaru ka ji labarin aurensa a bakin wasu. Ka riƙa zuwa gaishe su, in Mama ba ta da lafiya a gan ka a asibiti, yaron da ya bar maka gadonsa ka san ajin da yake. Wannan ya fi musu.

Almajirin_Kalma:
Ni dai ina goyon bayan shaidar. Bulus bai ɓoye masu yi masa alheri ba ko kaɗan, duba Romawa 16, ya ambaci Fibi ya ce ta taimaki mutane da yawa har da shi, ya ambaci Biriskilla da Akila, ya ce Gayus ne mai masaukinsa da na dukan ikilisiya. Filibiyawa 4 ma godiya ce zalla kan saƙon da Abafroditus ya kawo masa, har ya tuna musu cewa tun yana Tasalonika sun aika masa fiye da sau ɗaya lokacin da babu wata ikilisiya da ta yi hakan. Kuma kutare goman nan da aka warkar ɗaya ne kawai ya dawo, Yesu kuwa sai da ya tambayi ina taran. Godiyar da ta tsaya a ciki ba wanda ya ji ta.

Dattijo_Shiru:
Almajiri ka kawo ayoyi masu kyau amma a bi a hankali da kiran suna a gaban jama'a. Akwai mutanen da suka riƙe Matta 6 da gaske, hannun hagu kar ya san abin da dama ke yi, in ka tsayar da su a tsakar majami'a ana tafi kunya za ka ba su, wasu ma har su ji haushi. Sannan kar a manta wani a cikin masu zaman ya sauke baƙi goma ba wanda ya taɓa ambatonsa. Kai kuma Baƙo, ka tambayi Baban tukuna, in ya ce a'a ka ba da shaidarka ba suna, ai Allah kake ɗaukakawa. Ka tuna matar Shunem da ta sa aka yi wa annabi Elisha ɗaki a soro, gado da tebur da kujera da fitila, da ya aika baransa Gehazi ya tambaye ta ko a yi mata magana wajen sarki sai ta ce ita tana zaune cikin mutanenta ne, ba ta neman komai. Elisha bai matsa mata ba, bincika ya yi ya gano abin da gidan ya rasa. Kai da ka zauna da su ka fi mu sanin inda rufinsu ke yoyo.

Baƙon_Jiya:
Na gode Dattijo, na gode MamanYara. Maganar yoyon nan ta tuna mini, famfon bayan gidan ya daɗe da lalacewa Mama da bokiti take ɗibo ruwa daga waje, kuma na san mai gyara. Asabar zan je da shi, sai dai in Baba ya tare mu a ƙofa ban san me zan ce masa ba.

MamanYara:
Ka je lokacin da ya tafi taron dattawa mana. Mama ba za ta hana ka ba.