Magyari da maƙera: shawarata a kan sunan kayan rubuta kod

Ƴan uwa masu rubuta manhaja na Maradi da kewaye, salamu alaikum. Kalmomi biyu nake so mu tsayar. Abin da aka koya mana da Faransanci a matsayin éditeur de code, da wanda ake kira IDE ko EDI (Integrated Development Environment a Ingilishi), har yanzu ba su da sunan Hausa. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na faɗinsu da Faransanci, ɗan uwansa na Katsina na faɗinsu da Ingilishi, in sun haɗu sai nuni da yatsa. Tun da aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, bai kamata mu zauna jiran wasu su raɗa mana ba.

Dalilina ya wuce kishin harshe. Rashin sunan nan yana sa sabon shiga ya ɗauka abubuwan biyu ɗaya ne. Na ga yaro da kwamfuta ta hannu mai RAM (ma'ajiyar da na'ura ke aiki da ita nan take) giga 4, ya ƙarar da kuɗin forfensa wajen sauke Android Studio, wata babbar IDE ta haɗa manhajojin wayar Android, alhali HTML, harshen rubuta shafin intanet, kawai yake son koyo. Fankar na'urar na ta huci, ƙasanta ya yi zafi, in ya danna harafi sai ya jira kafin ya fito. Google da kansu sun ce giga 8 ne mafi ƙaranci ga wannan manhaja. Notepad++, da Don Ho ya fitar a 2003, ƴan mega ne kawai, kuma da ya ishe shi.

To na farkon, wato éditeur de code, mene ne aikinsa? A cikinsa kake rubuta kod, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta, kana gyarawa. Yana ba kalmomi launi daban-daban, ya jera lambobin layi a gefe, in ka buɗe baka ya nuna maka inda ka rufe ta, wani ma ya ja jan layi a inda ka manta waƙafi mai ruwa. Irinsu ne Notepad++ da Sublime Text da Vim, wanda marigayi Bram Moolenaar ya fitar a 1991.

Da na fara kawo zancen, wata ƙanwarmu ɗaliba ta ce mu bar shi a edita. Ƙanwata, edita a kunnen Bahaushe mutum ne, shi ne mai tace labari a gidan jarida ko rediyo. Wani ya ce allo, tunda ana rubutawa a wanke a sake. Na so wannan ƙwarai, sai dai kaya sun yi wa allo yawa: na makarantar allo, na aji, ga kuma fuskar waya da ta kwamfuta. In ka ce wa ɗalibi ya buɗe allo, wanne zai buɗe? Marubuta kuma ta riga ta zama jam'in marubuci.

Ni dai magyari nake gani. Haka Hausa ke ƙera sunan kayan aiki: buɗe ya ba mu mabuɗi, duba ya ba mu madubi, goge ya ba mu magogi. Gyara sai ya ba mu magyari, jam'insa magyarai. Kuma duk wanda ya taɓa aikin nan ya san gyara ya fi rubutun farko cin lokaci nesa ba kusa ba.

Wani malaminmu mai koyar da lissafi ya tsayar da ni. Ya ce: "Wanga suna ai na mutum ne, mai gyaran rediyo ma magyari ne." Gaskiyarka Malam, Allah shi ƙara sani. Amma a baki karin sauti na raba su, domin sunan kayan aiki duk gaɓoɓinsa sama suke tafiya kamar na mabuɗi, na mutum kuwa yana sauka a tsakiya. A rubuce kuma za mu riƙa cewa magyarin kod. Malam ya so a ce umarni maimakon kod, wasu sun so lamba. Lamba ta lissafi ce, umarni kuwa layi ɗaya ne daga cikin kod. Kalmar kod ta riga ta zauna a bakin mutanen garin nan, a bar ta.

Na biyun ya fi wuya. Fassarar kalmar environment kai tsaye za ta ba mu muhalli, wanda kowa zai ji ya tuna da dashen itace da gurgusowar hamada. Masana'anta ta yi girma da yawa. Abin da IDE yake shi ne wuri guda da aka tara maka komai: magyarin yana ciki, ga mai juya kod ɗinka zuwa harshen na'ura, ga mai bin sa layi-layi yana tsayawa inda ka sa masa alama don ka ga abin da ya lalace, ga maɓalli ɗaya da za ka danna manhajar ta tashi. Wannan ai maƙera ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa gun maƙeri ya ga zugazugi da uwar maƙera da masaba da awartaki duk hannu na kaiwa, ƙarfe na fita daga wuta zuwa duka ba tare da ya huce ba. Don haka na ce maƙerar manhaja. Eclipse da ya fito daga IBM a 2001, da PyCharm na JetBrains, da Code::Blocks da ake koyon harshen kod na C da shi, da Android Studio, duk maƙeru ne. Akwai ƙanana marasa nauyi, kamar Thonny da aka yi a Jami'ar Tartu ta Estoniya domin masu fara koyon harshen kod na Python.

Na san za a tambaye ni VS Code, wanda Microsoft ta fitar a 2015. Magyari ne. In ka ɗora masa ƙarin kaya yana yin aikin maƙera, amma yadda ka sauke shi, magyari ka sauke.

Ku ji yadda shawara ke sauƙi da kalmomin nan. Mai koyon HTML da CSS, magyari ya ishe shi. Mai fara Python da ƙaramar na'ura, ya nemi ƙaramar maƙera. Mai son manhajar Android ya duba RAM ɗinsa kafin ya taɓa babba. Kuma tunda wuta na ɗaukewa, kowanne ka zaɓa ka kunna masa adanawa da kansa tun ranar farko.

Abin da nake roƙo, ƴan uwanmu na Damagaram da Tawa da Katsina su gaya mana ko magyari na da wata ma'ana a bakinsu da za ta ɓata mana. In babu, zan fara amfani da su biyun a darasin da nake rubuta wa masu fara Python.