Ruwan injin Hadiza: na sha ne ko na batir?

Kawu Sale (Garwa): Salamu alaikum 'yan uwa. Na ji labarin da bai yi mini daɗi ba. Wai Hadiza ta sayi injin da ke dafa ruwa ya mai da shi tururi, tururin ya huce ya ɗiga cikin kwalba, kuma shi take ba yara. Hadiza, wannan ai ruwan batir ne! Shekara 30 ina zuba shi a batirin mota. Ruwa ne matacce, ba komai a cikinsa, in ya shiga ciki sai ya zuƙe gishirin jiki da ƙarfin ƙashi. A bar ba jikokina.

Goggo Asabe (Marwa): Na faɗa mata. Na kurɓa sau ɗaya, salam, kamar ka lashi gilashi.

Hadiza (Marwa): Wa alaikumus salam Kawu, ina gajiya. Ba don gayu na saya ba. Kun san shekara shida muka yi a wajen Meri da baban su Ummi yana aiki can. Ku dubi haƙoran Ummi, sun yi ja kamar mai cin goro, alhali shekararta 12. Mun goge da gawayi, mun goge da asuwaki, har likitan haƙori ya ce mu bar wahala, daga ruwan foraj ne, wato rijiyar burtsatse, kuma ya riga ya kama. Yanzu ga Abba da ƙaninsa, ga mu muna komawa can duk hutu. Shi ya sa.

Nura (Ngaundere): Kawu, a yi mini afuwa zan sa baki. Abin da ya ɓata haƙoran Ummi sunansa fuliwo. Yana fitowa daga duwatsun da ruwan ƙasa ke ratsawa, kuma yankin Mayo Tsanaga, musamman wajen Meri, sananne ne da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Ba shi da launi, ba shi da wari, ruwan garau za ka gan shi. Tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa kauri, don ruwa ne ke tashi shi yana zaune a tukunya. Jabel ma, wato bilicin da ake ɗigawa a ruwa, ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ruwansa da fuliwo. Turarawa kuwa tana barinsa a ƙasan tukunya tare da gishiri da dalma. Haƙori yana kamuwa ne lokacin da yake ginuwa a cikin dasashi, har wajen shekara 8, saboda haka Anti Hadiza ta yi daidai da ta damu da ƙananan.

Kawu Sale: Ɗan boko, ban ce bai cire datti ba. Na ce yana cire har da mai amfani.

Nura: Wannan gaskiya ne Kawu, yana cirewa.

Kawu Sale: To ka gani.

Yaya Bintu (Kusiri): Ku dakata in yi magana, yanzu na sauka daga aiki. Kawu yana da rabin gaskiya. Kalsiyom da maganeziyom da ke cikin ruwan rijiya suna da amfani, kuma ruwan injin ba shi da su. Amma mafi yawan abin da jiki ke samu daga abinci ne: nono, busasshen kifin da ake dakawa da ƙayarsa, miyar kuka, zogale, wake, gero. Yaron da ke shan fura da nono yana cin tuwo da miyar kuka, ruwan injin ba zai zuƙe masa ƙashi ba. Da ya sauka ciki ya gauraya da abinci da ruwan ciki, shi ke nan. Ruwan sama da kakanninmu ke tara a randa, ai ta wannan hanyar Allah ke yin sa, rana ta ɗaga tururi ya huce ya zubo. Inda nake jan kunne shi ne gudawa da amai. A nan kada a bar yaro da ruwa zalla kaɗai ko wane iri ne, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ko a sayi na leda a famasi. Wanda ya ga kwalarar 2010 a yankin nan ya san abin da nake nufi.

Kuma Kawu, don Allah ruwan batir na gareji daban. Wani ɗigon na'urar sanyaya ɗaki ne aka tara, wani an zuba shi a bidon da ya taɓa ɗaukar asid. Wannan ko akuya kada a ba.

Kawu Sale: Nawa dai mai kyau nake saye.

Goggo Asabe: Bintu, ke ma kin bi yara. Mu da muka sha ruwan mayo, mu tona yashi da ƙwarya mu jira ya taru, me ya same mu?

Yaya Bintu: Goggo, ku nawa Inna ta haifa, ku nawa kuka girma?

Goggo Asabe: Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Alhaji Ɗanlami (Njamena): Amin. Ni ba lafiya zan yi magana a kai ba, ba fannina ba ne. Lissafi zan yi. Hadiza, lita nawa yake yi, awa nawa, wat nawa aka rubuta a gindinsa?

Hadiza: Lita 4 Baba Alhaji, wat 750. Awa huɗu da ɗan wani abu.

Alhaji Ɗanlami: Wato kilowat 3 ke nan duk zubi ɗaya. Nawa kilowat a faktir ɗinku, takardar kuɗin wuta?

Hadiza: Na watan jiya 79 aka sa.

Alhaji Ɗanlami: Sefa 237 a lita 4, kusan 60 kowace lita, ban da kuɗin injin. Bai kai ruwan kwalba tsada ba, na yarda. Amma gidana mutum 14 ne. A watan Afrilu, zafi ya haura 40, kowa zai sha lita 3 ko fiye. Lita 42 ke nan, zubi goma da ɗoriya, awa arba'in da wani abu a yini mai awa 24. Sai in sayi inji biyu in ɗauki mai gadi. Kuma duk wannan in akwai wuta. Ku da kuke jiran ruwan madatsar Lagdo ya cika kafin fankarku ta juya, da rani me za ku yi? A sola kuwa wat 750 na awa huɗu zai kwantar da batirin gida kafin la'asar. Abin masu ƙaramin gida ne, ko Turawa.

Hadiza: Ai ban ce na gida duka ba ne. Yara biyu kawai, ruwan shansu da na kununsu. Mu manya na famfo muke sha, in na yi shakka in tafasa.

Nura: Nan ne ma nake ganin kuskuren mutane Baba Alhaji. In matsalar mutum ƙwayar cuta ce, tafasawa ko jabel sun wadatar, sayen injin asara ce. Inji na mai fuliwo ne ko ruwa mai zartsi. Kafin a kashe kuɗi a kai ruwan foraj ɗin a auna. Kuma akwai abin da turarawa ba ta iyawa ita kaɗai: duk abin da ke tashi da wuri kamar fetur, tare da tururin yake tafiya. Rijiyar da ke kusa da inda ake jibge zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga, in mai ya tsiyaya ciki, inji ba zai cece ka ba. Shi ya sa ake sa 'yar jakar gawayi a bakin da ruwan ke ɗiga.

Hadiza: Gawayin nan ne ciwon kaina, duk wata nake canzawa kuma babu shi a kasuwar Marwa, sai an aiko. Wanki kuma ba a magana. Bayan zubi biyar ko shida sai ka ga gindin tukunyar ya yi fari fat kamar an dafa kanwa. Farkon da na samu na sa soson ƙarfe na kankare, na bar masa zane. Yanzu ruwan ɗumi nake zubawa da cokali biyu na asid sitirik, in babu in sa binegar, ya kwana, da safe in ɗauraye. Kuma na koyi kashe shi kafin ya ƙone ƙurmus, in bar ɗan ruwa a ƙasa in zubar, dattin bai kamawa sosai. Da hunturu ƙura ke toshe fankar saman, sai na bi da buroshi. A ɗaki kuwa ba ya zama, zafin da yake fitarwa ya isa gasa masara, a baranda yake.

Alhaji Ɗanlami: Wanda zai saya ya duba 220 ne, kada a kawo masa na Amurka mai 110 ya soye a ranar farko. Cikinsa ya zama baƙin ƙarfe marar tsatsa, mazubin ya zama gilashi. A sa masa regilata, wutar nan tana hawa tana sauka.

Yaya Bintu: Hadiza, a me kike ajiyewa?

Hadiza: A tulu, don ya yi sanyi. Da ɗumi yake fitowa.

Yaya Bintu: Da moɗa ake ɗiba?

Hadiza: Eh.

Yaya Bintu: To kin yi aikin baban giwa. Ruwan nan ba jabel a cikinsa da zai kare shi, hannun Abba ɗaya ya shiga tulun an koma gidan jiya. Ki zuba a kwalba mai murfi, ki naɗe da jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a inuwa, ko ki samu tulu mai famfo.

Kawu Sale: Ni dai har yanzu raina bai kwanta ba. Abin da ba ya ɗaukar wuta, na gwada da waya da ƙwan fitila ban ga haske ba, yaya zai ɗauki rai? Amma tunda Bintu ta ce abinci ne, Hadiza ki cika musu nono da kuka. Zan aiko da busasshen kifi daga Lagdo ranar Juma'a.

Hadiza: Allah ya saka da alheri Kawu, ya ƙara girma.

Kawu Sale: Direban zai dawo Lahadi. Ki cika mini bido ɗaya na lita 5, batiran solar masallacinmu sun yi ƙasa.

Goggo Asabe: Au, ashe dai na batir ɗin ne.