Akawun majalisa ko magatakardan majalisa?

Salamu alaikum, masana harshe, a taimaka mini. Kawuna zai yi ritaya, an ɗora mini rubuta tarihinsa da Hausa a ɗan littafin da za a raba ranar walima. Da allo da alli ya fara a firamare, ya koyar a sakandare, ya riƙe magatakardan wata kwalejin ilimi, daga baya ya koma majalisar dokokin jiharmu har ya kai kujerar da Bature ke kira Clerk. A nan na cije. Na rubuta "akawun majalisa", na karanta wa Inna, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Af! Laifin me ya yi aka mayar da shi akawu?" To ni ma tun daga nan kalmar ta daina zauna mini.

Wani ɗan jarida:
Ƙanena, bar ta yadda take. Akawun majalisa muke faɗa a rediyo shekara da shekaru, kunne ya saba. Mai sauraro na jin ta ya san wa ake nufi. Inna ce kawai za ka zaunar ka yi wa bayani.

Tsohon ma'aikacin majalisa:
Ban yarda ba, Malam. Gaskiyar Inna ce. A kunnen Bahaushe akawu shi ne ɗan ma'aikacin nan na En'e ko na kantin sayen gyaɗa, biro a bayan kunne, yana cika rasit. Wannan kujera kuwa tsarin mulkin 1999 ne da kansa ya kafa ta: sashe na 51 ga majalisar tarayya, sashe na 93 ga ta jiha. Shi ne shugaban duk ma'aikatan gidan. In an zartar da ƙuduri, sai ya sa hannu cewa kwafin nan shi ne abin da majalisa ta amince da shi, kafin a kai teburin shugaban ƙasa ko gwamna. Ranar da sabuwar majalisa za ta fara zama, babu kakaki, babu shugaban dattawa, shi ke jan ragamar zaɓen. Ku tuna 9 ga Yuni 2015: Salisu Maikasuwa, mai riƙe da wannan kujera a majalisar tarayya a lokacin, ya buɗe zama, sanatoci 57 na ciki, aka zaɓi Bukola Saraki shugaban majalisar dattawa, sauran suna can wani zauren suna jiran ganawa da Buhari. Kafin su iso an shafa fatiha. Mutumin da buɗe ƙofarsa ta juya siyasar shekara huɗu, shi za mu kira akawu?

Malamar Hausa:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Akawu ba tamu ba ce tun asali, daga Yarbanci ta shigo, akowe, wato mai rubutu, zamanin da ma'aikatan kudu suka cika ofisoshin Turawa. Magatakarda kuwa a fada aka haife ta: mai ganin takarda, wanda wasiƙar sarki ke bi ta hannunsa shiga da fita, yana riƙe da sirri, ba shi da ƙuri'a a shawara amma ba a yi sai da shi. Ku dubi aikin da Baba ya zayyana, kamar an auna an ɗinka.

Daga Maraɗi:
Mu nan magatakarda muke cewa, har na jam'iyya da na ƙungiya. Na Majalisar Ɗinkin Duniya ma babban magatakarda ne a wasu gidajen rediyo.

Ɗan jarida:
Ai ka ga matsalar ke nan. Kalma ɗaya ta ɗauki na jami'a, na kotu, na jam'iyya, na Majalisar Ɗinkin Duniya. Jakin nan kaya bai yi masa yawa ba? Shi ma yaron nan zai rubuta magatakarda sau biyu a shafi guda, a ɗauka tsohon bai motsa daga inda yake ba.

Malamar Hausa:
Yaya, sarki ma haka yake. Akwai sarkin Kano, akwai sarkin fawa, ba wanda ya taɓa kai wa na biyu ƙarar gado. Abin da ya biyo baya ke rarrabewa. Katibi ma na so in kawo, amma ta tsaya a bakin malaman zaure.

Mai tambaya:
Na gode, iyayena da yayyena. Na gyara: magatakardan kwalejin ilimi, sannan magatakardan majalisar dokoki. Na kira kawun in karanta masa, ya yi dariya ya ce shi shekarunsa duka a gidan, masinjoji da direbobi "kilak" suke ce masa. Inna dai ta ce in ƙara girman rubutun, idonta ba ya ganin ƙanana.