Bututun zuƙe ƙura a shagon kafinta na gida: inci 4 ko inci 6?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum. Malamai, shawara nake nema kafin in sayi bututu ko ɗaya. Shagon ɗaki ne a cikin gida, ƙafa 20 tsawo, 16 faɗi, silin ƙafa 9. Injin zuƙe ƙurar mai ƙarfin doki 2 ne, fankarsa inci 12, buhun yadi a sama, leda a ƙasa. A jikin kwalinsa an rubuta CFM 1,500, wato ma'aunin yawan iskar da yake zuƙa a minti ɗaya. Bakinsa inci 6 ne, amma ya zo da wata roba da ta raba shi baki biyu masu inci 4. Injunan da za a haɗa su ne zarton tebur, injin fere katako na inci 13, injin daidaita gefe, zarto mai bel, da ƙaramin injin sanfefa. Dukansu bakin fitar dusarsu inci 4 ne, ban da na sanfefa mai inci 2 da rabi.

Tunda bakunan inci 4 ne, in shimfiɗa inci 4 ko'ina in huta? Kuma PVC ko ƙarfe? Ana cewa PVC na tara lantarki har ya tayar da gobara.

Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam. Malam, fara da manta lambar nan ta jikin kwali. Ana auna ta ne injin na tsirara, ba bututu, ba matata. Da zarar ka haɗa komai, in ka samu rabinta ka gode Allah.

Abu biyu ake nema a cikin bututu, kuma kullum suna jayayya da juna: yawan iska da gudunta. Yawan shi ke kama ƙurar a bakin inji kafin ta watsu cikin ɗaki. Gudun shi ke ɗauke da dusar har duron tara ta ba ta kwanta a hanya ba. Gudun da ake aiki da shi shi ne ƙafa 4,000 a minti a reshe da duk inda bututu ya miƙe tsaye, wato kusan mita 20 a daƙiƙa, sai 3,500 a babban layin da ke kwance. A gudun 4,000, inci 4 na ɗaukar CFM 350, inci 5 kusan 545, inci 6 kusan 785. Inci biyu kacal aka ƙara daga 4 zuwa 6, amma faɗin cikin ya ninka sau biyu da kwata.

CFM 350 ya isa kwashe sassaƙe da dusar da ido ke gani. Bai isa ya kama ƙurar nan mai laushi da ke tashi daga haƙoran zarto ba, wadda take yini tana yawo a iska. Ita ce mai shiga huhu, kuma tun 1995 hukumar IARC mai binciken ciwon daji ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa shi.

Ga lissafin layinka mafi tsawo, ka ɗauki biro. A ce babban layi ƙafa 18, gwiwa biyu masu digiri 90, mahaɗar reshe ɗaya, bututun da ya sauko ƙafa 6, sai tiyo ƙafa 3. Kowace gwiwar inci 6 mai faɗin lanƙwasa ana ƙirga ta kamar miƙaƙƙen bututu ƙafa 12, mahaɗar digiri 45 rabin haka, tiyo kuma kowace ƙafa ɗaya a matsayin uku saboda kurajen cikinsa. Jimla ƙafa 63. Inci 6 na cin kusan inci 4.5 na ruwa (incin ruwa shi ne ma'aunin ƙarfin zuƙa) a kowace ƙafa 100, kenan 2.8 a layinka, yana ba ka CFM 785. Wannan layi da inci 4 ya kama ƙafa 48, amma yana cin inci 7 a kowace ƙafa 100, kenan 3.4, don CFM 350 kawai. In kuwa ka ce sai ka tura 785 ta cikinsa, gudun zai kai 9,000, asarar ta ninka kusan sau biyar. Injinka ko an toshe bakinsa ruf zuƙarsa ba ta kusa da inci 17, to ina zai samo su?

Saboda haka cire robar nan mai baki biyu, ka fita da inci 6 kai tsaye.

Amma ga ramin da mutane ke faɗawa: babban layi inci 6, reshe inci 4 guda ɗaya a buɗe. Iskar da ƙaramin baki ya bari ta shigo, CFM 400 a ce, in ta faɗa cikin inci 6 gudunta ya koma kusan 2,000. Dusa ta fara kwanciya a ƙasan bututu, tana taruwa a hankali, ranar da ka buɗe ƙofofin iska biyu, wato marafan da ke buɗe ko rufe kowane reshe, ta taso gaba ɗaya ta doki fanka. Maganinsa, ka kai inci 6 har gindin kowane injin aiki. Zarton tebur ka raba masa baki biyu masu inci 4, ɗaya a ƙasa, ɗaya a murfin da ke kan zarto, domin biyun a haɗe sun kusa faɗin inci 6. Injin daidaita gefe kuwa farantin roba ne ko kwano a bakinsa, a kwance shi a yanka sabo da falanki mai ramin inci 6. Inda ba ya faɗaɗuwa, kamar injin fere, bar wata ƙofar da ke bayansa a layin a buɗe rabi don babban bututu ya samu iska.

Injin sanfefa kada ka sa shi a wannan layin ma. Bakin inci 2 da rabi na bukatar zuƙa mai ƙarfi da iska kaɗan, aikin ƙaramin injin zuƙe shara ne mai siririn tiyo.

Mai Awon Iska:

Lissafin Baba daidai ne, sai dai ya tsaya a bututu. Malam Sabon Hannu, ƙara masa kusan inci 1 na shigar iska a bakin inji, inci 1 na matata mai tsabta, wanda ke iya ninkawa in ta toshe, sannan in za ka sa mazurarin guguwa mai raba dusa da iska, wani inci 2 ko fiye. Ka tashi da 7. Fanka inci 12 a zuƙar inci 7 ba ta ba da 785, sau da yawa tsakanin 500 ne da 600. CFM 600 a cikin inci 6 gudun 3,050 ne. A kwance zai lallaɓa da dusa, amma a inda bututu ya hau ƙafa 6 zuwa silin, manyan sassaƙen injin fere za su riƙa hawa suna faɗowa. Don haka ni a wannan inji na fi son inci 5, wanda 550 ke cika masa gudun 4,000. Matsalarsa ɗaya, PVC mai inci 5 da mahaɗansa ba su cika samuwa ba, sai ƙarfe.

In kana son inci 6 ɗin, rage wa injin kaya. Ajiye shi a tsakiyar dogon bango maimakon lungu, ka sa injin fere da zarton tebur su fi kowa kusa da shi. Bi bango da layin a tsayin bakin injin, ba sai ya hau silin ya sake saukowa ba, ka ga ka huta da gwiwa biyu da hawan tsaye. Buhun yadin nan kuma a canza shi. Irinsa yawanci ƙura mai girman mikron 30 yake riƙewa (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙurar da ke cutarwa kuwa ƙasa da mikron 10 take, wato injin na tattaro ta ne yana fesa maka a fuska. Matata mai naɗe-naɗe ta mikron 1 ko ƙasa ta fi shi tacewa, kuma don faɗin jikinta ya ninka nasa sau da yawa, iska ta fi wucewa da sauƙi.

Kada ka yi hasashe, auna. Samu siririn tiyo mai haske, lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin falanki, zuba ruwa rabi, soka baki ɗaya a ƙaramin rami tsakanin fanka da matata. Bambancin tsayin ruwan ɓangarorin biyu shi ne incin ruwan da muke ta faɗa. Yi alama ranar da matata take sabuwa. In ya haura da inci 1, lokacin kakkaɓe ta ya yi.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan bi bango da inci 6. Saura maganar PVC, da yadda ake haɗa gaɓoɓin.

Mai Haɗa Bututu:

Ɗan'uwa, duka biyun na aiki a shagon gida. In PVC ne, nemi mai siririn jiki na magudanar ruwa, wanda ake buga wa ASTM D2729, ba mai kaurin nan na ruwan famfo ba. Wancan nauyi ne kawai ba amfani. In ƙarfe ne, geji 26 ko mafi kauri (geji ma'aunin kauri ne, ƙaramar lamba ta fi kauri). Geji 30 na na'urar sanyaya ɗaki kan lotse ya manne in an kunna inji duk ƙofofi na rufe. Kuma mahaɗan da aka ƙera don sanyaya ɗaki an yi su ne don iska mai fita, bakinsu mai tattara yana kallon akasin inda kake so. A wajen zuƙa, tattararren baki ya kalli injin zuƙa, ya shige cikin na gaba, in ba haka ba gefensa ya zama ƙugiyar kama sassaƙe.

Maganar lantarki: gogayyar dusa da roba na tara shi, zai ba ka shokin, musamman in iska ta bushe kuma injin fere na aiki. Tsohuwar ƙa'idar kariya daga gobara ta Amurka, NFPA 664, ta nemi bututun ƙarfe a masana'antun katako, inda dusa ke gudu da yawa yini guda. A ɗaki mai inji ɗaya na aiki, ƙurar cikin bututu ba ta cika yin kaurin da tartsatsin roba zai kunna ta ba. Wayar tagulla da ake zurawa ciki ba ta sauke lantarkin PVC, domin roba ba ta wuce da wuta daga wannan wuri zuwa wancan, sai dai wayar ta zama abin da sassaƙe ke sarƙewa a kai. In shokin ya dame ka, manna tef ɗin alminiyam a tsawon bututun ta waje ka haɗa shi da jikin injin, ka kuma feɗe ƙarshen wayar da ke cikin tiyo ka ɗaure ta a ƙarfe. Gobarar gaske daga wani wuri take zuwa: ƙusa ko sukuru ya doki fanka ya yi tartsatsi, ya faɗa cikin dusa ya yi ta ci a ɓoye har dare. Kada ka wasa ƙarfe kusa da buɗaɗɗen baki, kada ka yi bakin share ƙasa sai in akwai mazurari kafin fanka, kuma ka zubar da duro a ƙarshen aiki.

Wajen haɗawa, fara daga bakin injin zuƙa ka nufi ƙarshe. Bar miƙaƙƙen bututu aƙalla ƙafa 3 kafin shiga inji ko mazurari, iska ta daidaita. Gwiwa dab da baki na sa ta shiga a karkace. Mahaɗa mai siffar T ba ta da wuri a wannan aiki, sai mai siffar Y ta digiri 45, ƙafarta na bin hanyar iska zuwa inji. Inda ake bukatar 90, sa 45 biyu da guntun bututu inci 6 zuwa 12 a tsakani. Reshe ya fita ta gefe ko ta saman babban layi. In ya fita ta ƙasa, duk dusar da ke wucewa daga injunan baya za ta riƙa zubowa ciki, ka buɗe ƙofa wata rana ka tarar da shi cike.

Kada ka sa gam. Shago ba ya zama yadda aka fara shi, za ka matsar da inji. Tura gaɓa ta zauna, ɗaura gajerun sukuru biyu na rabin inci, ko ribit in ƙarfe ne, ka naɗe da tef ɗin alminiyam. Dogon sukuru da ya leƙa ciki shi ne mafarin toshewa. Tef ɗin yadi kuma bushewa yake ya saki. Maɗauri kowace ƙafa 4 zuwa 5, da ƙarin ɗaya a kowace mahaɗa da kowace ƙofa, tunda nan ake ja da turawa. Ƙarshen layi sa murfin da ake cirewa, don zura sanda in ya toshe.

Ƙofofin iska su zauna kusa da babban layi, inda hannu ke kaiwa. Na roba masu rufaffen gindi dusa ke cika kwarmin, marfin ya daina rufewa sosai, ƙofa biyar kowacce na shan iska kaɗan sun cinye maka reshe guda. Nemi waɗanda marfinsu ke zarcewa ta ɗaya gefen yana turo dusar waje. Tiyo kuma iya abin da zai ba inji damar motsi, ƙafa 2 ko 3, a miƙe, ba a naɗe a ƙasa ba.

Mai Awon Iska:

Ƙari biyu. In ka sa mazurari, murfin duron ƙasansa dole ya zauna a kan roba ba ko tsaga. Iska kaɗan in ta shiga ta nan, sai ta ɗago dusar ta wuce da ita matata, ka ga duro wayam matata cike. Kunna inji, ka zagaya da hayaƙin turare a bakin murfi da kowace gaɓa, inda hayaƙin ya shige nan ne ɓarakar.

Na biyu, kada ka gwada injin ba bututu ba matata na tsawon lokaci. Moton irin wannan fanka ya fi jan wuta lokacin da iska ta fi yawa, ba lokacin da aka toshe shi ba. Bayan ka cire robar mai baki biyu ka canza matata, ka ƙara masa iska ke nan, don haka ka maƙala mitar awon amfiya a waya ɗaya, ƙofar da ta fi kusa a buɗe, ka gwada da lambar da ke jikin farantin moton. In ta wuce, rage buɗin wannan ƙofar har ta sauko.