Kiɗan Ali Farka Ture: gadon Mali ne ko kwaikwayon buluz na Amurka?

Habu:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da dukkan masu sha'awar kiɗa. Wata 3 ke nan ina sauraron faifan Ali Farka Ture mai suna Talking Timbuktu, wanda ya yi tare da Ba'amurken makaɗin jita Ry Cooder a 1994, kuma da wuya dare ya yi ban kunna shi ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk inda na ga an yi bayanin mutumin sai a ce makaɗin buluz ne na hamada, wasu ma har su kira shi John Lee Hooker na Afirka, wato suna kwatanta shi da shahararren makaɗin buluz na Amurka, kamar dai ya ji kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne ya ɗauko ya kwaikwaya.

To amma kwanakin baya kawuna, dattijo mai shekara 70 da ɗoriya wanda bai taɓa jin kalmar buluz ba, ya shigo ya tarar da ni ina sauraro. Ya tsaya a bakin ƙofa da butarsa a hannu, ya yi kasaƙe na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni wane ne wannan mai kaɗa molo da ƙwarya haka. Da na ce masa ai jita ce, bai yarda ba sai da na nuna masa hoton mutumin riƙe da ita. Tun daga ranar nake tambayar kaina: kunnen kawuna ne ya yi daidai, ko masu rubuta bayanin faya-fayai? Ina roƙon wanda ya san tarihin abin ya warware mini, ya kuma nuna mini abin da ya kamata in saurara bayan wannan.

Malam Isiyaku:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Allah ya ƙara wa kawu lafiya, domin kunnensa ya kama abin da marubuta da yawa suka kasa kamawa.

An haifi Ali a 1939 a ƙauyen Kanau da ke yankin Timbuktu, ya tashi a Niyafunke a bakin Kogin Neja. Shi ne ɗa na 10 a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu daga cikin waɗanda aka haifa zuwa kansa, shi ya sa aka laƙaba masa Farka, wato jaki, saboda juriya. Gidansu ba gidan maroƙa ba ne, don haka babu wanda ya ƙarfafa masa gwiwar yin kiɗa. Abin da ya fara kaɗawa yana yaro shi ne gurkel, wani ɗan ƙaramin molo mai tsirkiya 1, sannan njarka, wadda 'yar'uwar kukuma ce, ana goga ta da izga. Waɗannan kayan kiɗa biyu a wurin ƙabilar Songai suna da alaƙa da bukukuwan iskokin ruwa, ba kayan wasa ba ne. Sai a 1956 ya ga makaɗin Gini Keita Fodeba yana kaɗa jita, ya ƙudura a ransa cewa zai koya, kuma abin da ya yi shi ne ya kwashe taken da ya riga ya iya a kan gurkel da njarka ya ɗora su a kan tsirkiya 6. Jitarsa ta farko ta kansa ma a Bulgeriya ya saye ta a 1968, lokacin da ya je wakiltar Mali a wani bikin al'adu. A wajajen wannan lokaci ne ya fara jin faya-fayan John Lee Hooker, wato bayan hannunsa ya riga ya zauna. Shi da kansa ya sha faɗin cewa da ya ji su ya ɗauka kiɗan ƙasarsu ne, ya kuma kwatanta kansa da saiwa da gindin itace, Amurkawa kuma rassa da ganye.

Idan kana so ka tabbatar da kunnenka, ka lura da abu biyu. Buluz irin wanda aka fi sani yana tafiya ne a kan zango 12 da haɗin sauti 3, ya tashi daga gida, ya je wani wuri, ya dawo. Kiɗan Ali kuwa yakan zauna a wuri ɗaya, take guda yana zagayawa kamar mai tuƙa kwalekwale, babban yatsa yana riƙe da ƙasa, manuniya tana yi masa ado a sama, daidai yadda ake taɓa molo. Na biyu shi ne ƙwaryar da kawu ya ji. Ana kifa ta ne a kan tabarma ko matashi, makaɗi ya daki tsakiyarta da dunƙulen hannu ta ba da amo mai zurfi, sannan ya ƙwanƙwasa gefenta da 'yan sanduna ko zobba, sai ka ji kamar sukuwar doki a kan fako. Wannan ba daga Misisifi, cibiyar buluz a Amurka, ya zo ba. Haka kuma waƙoƙinsa da Songai da Fulatanci da Tamashek da Bambara ya yi su, yana magana a kan noma da ilimi da haɗin kai da girmama na gaba.

Shawarata ita ce ka nemi faifansa na 1999 mai suna Niafunké. A lokacin ya gaji da yawon ƙasashen waje ya koma gonar shinkafarsa, sai masu ɗaukar sauti suka bi shi da na'urorinsu da janareta, aka yi aikin a wani tsohon gini a gefen gari, yana zuwa bayan ya taso daga gona. A nan za ka ji shi a cikin mutanensa, babu baƙo da ke jan ragamar. Shi ne ya zama magajin garin nan a 2004, ya kashe kuɗin aljihunsa a kan hanyoyi da wutar lantarki, kafin Allah ya yi masa rasuwa ranar 7 ga Maris 2006.

Malam Lawal:

Malam Isiyaku, Allah ya saka da alheri. Na yarda da kai a kan Ali, amma ina so in ja hankalinmu a kan maganar saiwa da rassa, domin tana da daɗin ji har takan sa mu wuce gona da iri, mu ce buluz kiɗan Mali ne da ya ƙetare teku kawai.

Gaskiya ne akwai dangantaka. Yawancin bayin da Faransawa suka kai Luwiziyana a shekarun 1720 daga yankin kogunan Senegal da Gambiya aka kwaso su, kuma takardun lokacin suna ambaton Bambara da suna. Banjo, kayan kiɗan tsirkiya da bayi suka fara ƙerawa a tsibiran Karibiyan, ɗan'uwan molayen Afirka ta Yamma ne. Bayan boren bayi na Stono a 1739, Karolaina ta Kudu ta haramta musu ganguna a dokar 1740, abin da ya bar fili ga kayan tsirkiya da muryar mutum ɗaya, irin al'adar da ta fi ƙarfi a ƙasashen Sahel. Masanin kiɗa Gerhard Kubik ya bi wannan sawu a littafinsa na 1999, ya danganta jan murya da lanƙwasa ta a buluz da wannan faffaɗan yanki, ba da Mali ita kaɗai ba.

Sai dai mu duba tazarar. Amurka ta haramta shigo da bayi a 1808, faifan buluz na farko da wata baƙar fata ta rera ya yi kasuwa kuwa, na Mamie Smith, a 1920 ya fito. Tsakanin nan akwai fiye da shekara 100 na gonakin auduga da waƙoƙin coci da wariyar launin fata da cuɗanya da kiɗan Turawa. Mutanen da suka sha wannan wuya su ne suka haifi buluz, kuma idan muka ce namu ne kawai ya dawo gida, mun tauye musu haƙƙinsu. Ni wannan yana damuna ƙwarai.

Ban da haka, ruwan ba gefe ɗaya ya gudana ba. Samarin Bamako na shekarun 1960 da 1970 sun tashi da James Brown da Otis Redding da Jimi Hendrix da kiɗan Kuba. Bubakar Traore na Kayes, wanda ake kira Kar Kar, ya yi suna a gidan rediyo bayan samun 'yancin kai a 1960 da waƙar da sunanta ma na rawar Amurka ne, Mali Twist, duk da cewa yatsunsa salon Kasonke, mutanen yankin Kayes, suke bi. Shi ma Ali, bayan ya ji Hooker, ba zan yarda cewa babu abin da ya shige shi ba, ko da a yadda yake sa wa jitar lantarki kauri. Makaɗi mai kunne ba ya jin abu mai kyau ya bar shi a ƙasa. Abin da na ƙi shi ne laƙabin buluz na hamada, wanda ya fi amfanar mai sayar da faifai a Landan da Faris fiye da mai sauraro, domin yana cusa Songai da Abzinawa da Bambara a buhu ɗaya.

Malama Hadiza:

Ina gaida malamaina duka biyu. Maganar buhu ɗaya da Malam Lawal ya kawo ita ce nake so in ɗora a kai, saboda Malam Habu ya nemi abin da zai saurara a gaba, kuma idan ya shiga da tunanin buluz zai rasa rabin dukiyar.

Kiɗan maroƙan Mande, waɗanda ake kira jeli, a kan matakan sauti 7 yake tafiya, shi ya sa kora mai tsirkiya 21 ba ta kama da buluz ko kaɗan. Tumani Jabate, wanda ya rasu a watan Yuli 2024, ya gaji kora daga mahaifinsa Sidiki, kuma faifansa Kaira na 1988 kora ce zalla, babu murya, babu ganga. Kiɗan da kunne ke dangantawa da buluz shi ne mai matakai 5, wato na Songai da Abzinawa a arewa, na Bambaran Segu, da na Wasulu a kudu. Dalilin da ya sa faifan In the Heart of the Moon yake da girma a wurina ke nan. Ali da Tumani sun zauna a otal ɗin Mande a Bamako, a bakin kogi, ba tare da gwaji ba, mutumin arewa ya shiga taken Mande yana yi wa kora shimfiɗa cikin ladabi. Faifan ya ci kyautar Grammy a 2006.

Kada kuma a manta da mata. Umu Sangare tana da shekara 21 ta je Abijan a 1989 ta ɗauki Moussolou, ma'ana mata, a kan kiɗan kamale ngoni, wanda matasan Wasulu suka samo daga kayan kiɗan mafarauta. Ta yi waƙa a kan auren dole da halin da mace ke shiga a gidan miji, a fili, a lokacin da ba a saba jin haka a kaset ba. Ranar da na fara jin fassarar baitocinta sai da na ajiye abin da nake yi na zauna. Akwai kuma Baseku Kuyate, wanda ya ɗaura wa ngoni, wato molon Mali, maɗauri ya miƙe tsaye da shi kamar jita, ya tara ngoni manya da ƙanana a ƙungiya guda, kamar yadda za a ji a Segu Blue na 2007.

Game da Abzinawa, su da kansu suna da sunan da suke kiran kiɗansu, assuf, wato kewa da begen gida. 'Yan ƙungiyar kiɗansu ta Tinariwen sun haɗu ne a gudun hijira tsakanin Aljeriya da Libiya, waƙoƙinsu suna yawo a kaset daga hannu zuwa hannu tun kafin wani kamfani ya san da su. A 2012 masu ɗauke da makamai da suka kama Gao da Timbuktu da Kidal sun haramta kiɗa, makaɗa suka tsere kudu, bikin hamada na Esakan ya tsaya, kuma daga cikin samarin da suka gudo Bamako ne ƙungiyar Songhoy Blues ta fito. Su dai sun ɗauki kalmar buluz da hannunsu suka sa a sunansu, wanda ke nuna cewa 'yan baya ba sa jin nauyinta kamar yadda Ali ya ji.

Habu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Daren jiya na samo Niafunké na kunna, na bi shawarar Malam Isiyaku na sa kunne a kan ƙwarya kaɗai, kuma lallai na ji dunƙulen hannun da ƙwanƙwasar daban-daban, abin da a da nake ɗauka ganga ce. Daga nan na kunna wa kawu wani tsohon faifan John Lee Hooker ba tare da na gaya masa ko wane ne ba. Ya saurara har ƙarshe yana kaɗa ƙafa, ya ce wannan ma ya iya, amma muryarsa ta mai ɗauke da kaya ce, ta wancan kuwa ta mai zaune a gidansa. Malam Lawal, ina jin wannan ya taɓa abin da kake nufi da shekara 100 ɗin nan. Malama Hadiza, yau da dare kora zan fara, kuma ina roƙon ki gaya mini ko in fara da Kaira ne, ko da wanda suka yi tare da Ali.